Bin Turbar Minong a Tsibirin Isle Royale

Turbar Minong hanyar ƙafa ce mai tsawon kimanin kilomita 50. Ta bi doron duwatsun arewacin tsibirin Isle Royale tun daga mashigin ruwan McCargoe Cove har zuwa Windigo, can ƙarshen yamma. Tsibirin yana arewa maso yammacin Tafkin Supiriya, tafkin ruwan daɗi da ya fi kowanne faɗi a duniya. A mulki na jihar Mishigan ne ta Amurka, amma ya fi kusa da gaɓar Kanada da ta jihar Minesota. Tsawonsa kilomita 72, faɗinsa bai wuce 14 ba. An mai da shi gandun daji na ƙasa a 1940, kuma kusan kashi 99 cikin ɗari na ƙasarsa doka ta keɓe ta, ta ce a bar ta yadda take. Babu titi, babu mota, ko keke ba a shiga da shi. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu kuwa a rufe yake ruf. Minong shi ne sunan da mutanen Ojibwe, 'yan asalin yankin, suke kiran tsibirin da shi.

Wahalar turbar daga ƙirar ƙasar take. Fiye da shekara biliyan ɗaya da suka wuce narkakken dutse ya yi ta malalowa yana daskarewa, hawa a kan hawa. Daga baya waɗannan hawa-hawan suka karkata, dusar ƙanƙara mai kauri ta zo ta kankare masu laushin ta bar masu taurin. Abin da ya rage kamar gona ce da aka yi wa huɗa: kunyoyin dutse a jere daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kwarin da ke tsakaninsu kuma cike da tafkuna da fadamu. Kowace kunya fuskarta ta kudu gangara ce mai sauƙi, ta arewa kuma tsaye take kamar bango. Kunyar tsakiya ita ce Greenstone, kuma turbar da ke kanta, mai kilomita 64 ko kusa da haka, ita ce babbar hanyar tsibirin, ana gyara ta ana shimfiɗa mata katako a wuraren laka. Minong ba ta samu wannan gatan ba. An sare ta ne a shekarun 1960 domin masu kashe gobarar daji su samu mashiga, kuma har yau hukumar gandun da gangan take barin ta a murɗe: alamomi kaɗan, gadoji kaɗan. Doron nata ba shimfiɗaɗɗe ba ne, a yanke yake gunduwa-gunduwa, a hau dutse a sauka kwari, a sake hawa, wuni guda cur. Don haka duk lissafin da aka yi da kilomita kaɗai lissafin banza ne. A nan da awa ake auna tafiya, kuma a wurare da dama mai lafiya da kaya a baya ba ya wuce kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu a awa.

Lokaci da hanyar zuwa

Jiragen fito suna aiki ne daga Mayu zuwa Satumba ko farkon Oktoba. A Mayu da farkon Yuni ƙasa jiƙe take, sanyin dare yana iya kai wa ga daskarewa. Tsakiyar Yuni zuwa Yuli sauro da wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo ne ke mulkin fadamun, har sai an sa ragar rufe fuska. Ƙarshen Agusta da makonnin farko na Satumba su ne zaɓin mai hankali: ƙwari sun ragu, laka ta ja baya, rana ba ta gajarta sosai ba tukuna. Illarsa ɗaya, ƙananan rafuka sukan ƙafe, batun ruwan sha ya ƙara tsauri.

Daga Mishigan akwai jirgin Ranger III da ke tashi daga Houghton, tafiyar kamar awa shida, da Isle Royale Queen IV daga Copper Harbor, awa uku da 'yan kai. Dukansu a Rock Harbor suke sauke mutane, a gabashin tsibirin, kuma daga nan sai an yi tafiyar kwana biyu a ƙafa kafin a kai bakin Minong. Wanda Minong ce kaɗai a gabansa ya fi masa sauƙi ya bi ta Grand Portage a Minesota. Jirgin Voyageur II yana tashi daga can, ya tsaya a Windigo, ya bi gaɓar arewa ya sauke masu so a McCargoe Cove, ya kwana a Rock Harbor, washegari ya koma ta gaɓar kudu. Wato ba kullum yake bi ta McCargoe ba, kuma kujerunsa kaɗan ne, ana kama su tun watanni kafin lokaci. Akwai kuma ƙananan jiragen sama masu sauka a kan ruwa, sun fi sauri sun fi tsada, kuma ba sa ɗaukar gas ko man risho.

Jadawalin jirgi ne ke tsara tafiyar, ba son ran matafiyi ba. Ana fara kama ranar shiga da ranar fita, sannan a raba zango-zango a tsakaninsu, a bar kwana ɗaya rara. Supiriya ba shi da alkawari. Iska ko hazo sukan hana jirgi tashi, mutum ya ƙara kwana a bakin ruwa, shi ya sa guzurin kwana ɗaya na ƙari ba almubazzaranci ba ne. Sai wani ƙaramin tarko da ke kama baƙi: tsibirin yana bin agogon gabashin Amurka, jiragen Grand Portage kuma suna bin agogon tsakiya, wanda ke baya da awa ɗaya. Wayar hannu kan rikice a kan wannan, agogon hannu ba ya rikicewa.

Ta wane ɓangare za a fara? Daga gabas zuwa yamma ya fi. Yinin da ya fi tsawo yana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da abinci ya ragu, jaka ta yi sauƙi, ƙafa ta saba da dutse, kuma ana ƙarewa a inda akwai jirgi da kanti. Mai farawa daga Windigo kuwa da wannan dogon yinin zai yi karin kumallo, da cikakken kaya a bayansa.

Takardar izini

Duk mai kwana a tsibirin sai ya karɓi takardar izini. Ayarin da bai wuce mutum shida ba yana karɓa ne idan ya iso, a ofishin Windigo ko na Rock Harbor ko a cikin Ranger III. Daga mutum bakwai zuwa goma sai an nema tun kafin a zo, kuma ba kowane zango ne ke da wurin babban ayari ba, ciki har da ƙananan zangunan tsakiyar Minong. A takardar ake rubuta inda za a kwana kowane dare. Wannan ba kama wuri ba ne, domin wanda ya riga isa shi ke da wuri, amma ita ce za ta nuna wa ma'aikatan gandun inda za su fara nema idan mutum bai fito ba. Akwai kuma kuɗin shiga da ake biya bisa yawan kwanaki. Kafin a sallami baƙi ma'aikaci yakan yi musu ɗan jawabi, kuma nan ne wurin tambaya: wane rafi ne ya ƙafe, wane tafki ne aka hana shan ruwansa, ina ruwa ya shanye hanya bana. Amsoshin suna sauyawa kowace shekara.

Dokokin ba su da yawa amma ba a wasa da su. Shara duk wanda ya kawo ta shi zai fita da ita. Ba a hura wuta sai inda aka tanadi murhu, don haka girki da risho ake yi. Ba a ɗaukar komai na tarihi. Ba a shiga da kare ko kyanwa, ko da a cikin kwalekwale za a bar su.

Kaya

Jakar goyo da duk abin da ke cikinta kada ta wuce rubu'in nauyin mai ɗauke da ita, in ta gaza haka ma ya fi. A kan dutse mai hawa da sauka kowane kilo yana komawa gwiwa. Abubuwan da ba a rage su: tanti mara nauyi, jakar barci da za ta iya da sanyin da ya kusa daskarewa, tabarmar roba ta shimfiɗa, rigar ruwa da wandonta, ɗan risho na gas da tukunya ɗaya, matatar ruwa, taswirar takarda da kamfas, tocilan ta goshi, usur, da kayan taimakon gaggawa. Sanduna biyu na tafiya a wasu hanyoyin ado ne, a Minong kuwa ƙafa ta uku da ta huɗu ne.

Tufafin auduga ba na nan ba ne. Idan ya jiƙe ba ya bushewa da wuri, kuma yana janye ɗumin jiki. Ulu da yadin roba su ne daidai, a sa su hawa-hawa, a tuɓe a kan dutse idan rana ta buɗe, a mayar idan an gangara bakin tafki inda iska ke busowa da sanyi. Safa aƙalla ƙafa uku, ɗaya a ƙulle ta a leda don barci kawai. Takalmi ya zama mai tafin da ke kama dutse, kuma wanda aka riga aka yi tafiya da shi har ya saba da ƙafa. Sabon takalmi a kan Minong bororo ne tun rana ta biyu. Da zarar an ji wani wuri yana zafi a dunduniya, a tsaya a liƙa filasta nan take, kada a ce sai an isa zango.

Abinci busasshe ake ɗauka, mai ba da ƙarfi da saurin dahuwa: taliya, kuskus, madarar gari, man gyaɗa, dabino, gyaɗa, busasshen nama, shayi da sukari. Gram 700 zuwa 900 a yini yakan ishi mutum ɗaya. Na rana ya zama wanda ba ya bukatar wuta, a aljihun da hannu ke kai wa. Alamomin hanya da taswirar hukuma da mil suke lissafi, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne.

Ruwan sha

Mutum yana kewaye da ruwa ta ko'ina, amma ƙishirwa ce babbar matsalar Minong. Doron dutse ba ya riƙe ruwa. Tafkin Supiriya yana nan a ƙasa ana hangen sa, sai dai tsakani akwai gangaren da ba ya sauku da kurmin da ba ya ratsuwa. Don haka ana barin kowane zango da lita uku a jaka, in rana ce mai zafi fiye da haka.

Ruwan famfo mai tsabta a Windigo da Rock Harbor kaɗai yake. Duk wani ruwa, komai garai ɗinsa, sai an gyara shi. Dalilin wata tsila ce da masana ke kira Ekinokokus. Babbar tana zaune a hanjin kyarkeci, ƙwayayenta su fita da kashinsa su shiga ruwa da ciyawa, mus, wata babbar dabba daga dangin barewa, ta haɗiye su, su zama ƙullutai a huhunta, kyarkeci ya ci mus, zagayen ya sake komawa. Ɗan Adam da ya sha ƙwan yakan samu irin waɗannan ƙullutai a hanta ko huhu, kuma sai bayan shekaru alamar ke fitowa. Ƙwayoyin kulorin ko aidin da ake jefawa a ruwa su kaɗai ba sa kashe ƙwan. Hanya biyu ce: ko a tafasa ruwan ya yi ta ɓarɓara na aƙalla minti ɗaya, ko a tace shi da matatar da ƙofofinta ba su wuce maikiron 0.4 ba, sannan a bi da ƙwayar magani domin ƙananan cututtukan da matata ba ta kamawa. Da wannan ruwan ake wanke baki, da shi ake ɗauraye kwano. Hannu kuma a wanke shi da sabulu kafin a taɓa abinci, nesa da bakin tafki.

Ruwan fadama launin shayi ne da shi, kuma yana toshe matata nan da nan. Dabarar ita ce a ɗebo shi a tukunya daga sama-sama ba tare da an tada lakar ƙasa ba, a ajiye minti goma ko sha biyar datti ya kwanta, a zuba ta cikin hankici, sannan a tace. Launin ba ya fita duka, amma daga ruɓaɓɓen ganye yake, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne ruwan da ya yi kore kamar an zuba fenti. A ƙarshen lokacin zafi wasu tafkunan cikin tsibirin sukan yi irin wannan gansakuka mai dafi, kuma dafinta ba tafasa ba tacewa da ke raba shi da ruwan. Irin wannan wucewa ake yi.

Zango zango

Daga McCargoe Cove zuwa Todd Harbor kimanin kilomita 11 ne, kuma shi ne yini mafi sauƙi. Da yake jirgi da rana yake sauke mutane, wasu sukan kwana a McCargoe, inda akwai rumfunan katako masu bango uku da raga a gaba. Kilomita ɗaya da ɗoriya daga nan akwai ratse zuwa tsohuwar mahakar Minong, wadda ta yi aiki daga 1875 zuwa 1885. Har yanzu tulin duwatsun da aka haƙo da guntayen layin dogo suna nan. Tun kafin Turawa, fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce, 'yan asalin yankin suna fasa wannan dutsen da gudumar dutse suna ciro tagulla tsantsa, kuma ramukansu ne suka nuna wa masu haƙar baya inda za su tona. Wurin ya cancanci awa ɗaya, a kula da bakin ramuka. Daga nan turbar ta hau doro, a dama ana hangen gaɓar Kanada idan gari ya washe.

Todd Harbor zuwa Little Todd shi ma kamar kilomita 11 ne, galibi cikin kurmi da laka. Ba a yi nisa da Todd Harbor ba za a tarar da mararraba, inda wata hanya ta yi kudu zuwa Hatchet Lake ta haɗe da Greenstone. A tsaya a nan a yi wa kai gaskiya. Wannan ce ƙofar fita ta ƙarshe. Bayanta babu wata hanyar ratsewa sai an kusa Windigo, tafiyar kwana biyu zuwa uku a mafi munin ɓangaren turbar. Wanda gwiwarsa ta fara ciwo, ko matatarsa ta lalace, ko ya ga tafiyar jiya ta ci masa awoyi fiye da lissafinsa, ya juya kudu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Little Todd kansa a bakin Supiriya yake, sai an ratse kusan kilomita ɗaya daga turbar. Babu rumfa, wuraren kafa tanti uku zuwa huɗu ne kawai, kuma idan sun cika al'adar wurin ita ce a matsa wa juna.

Daga Little Todd zuwa North Desor kilomita 9 ne kacal, kuma wannan lambar ce ke yaudarar mutane har su yi tunanin haɗa zango biyu a yini ɗaya. Kada a haɗa. Kusan duk tafiyar a kan tsurar dutse take, hawa da sauka ba hutu, babu inuwa, babu ruwa. Mutane da yawa sukan ci awa biyar ko shida a kanta. Idan an yi ruwan sama dutsen da gansakukar da ke kansa sukan yi santsi, sai a gajarta taku, a dasa tafin ƙafa gaba ɗaya, a sauko da baya ko da zama inda ya yi tsaye. Ladan wahalar shi ne hange: kurmi har bakin ruwa, ruwa har Kanada.

A wannan ɓangaren ne ake koyon karanta hanya. Dutse ba ya riƙe sawu, don haka alamar turba 'yan tulin duwatsu ne da aka ɗora bisa juna, wasu ba su kai gwiwa ba. Ƙa'idar ita ce kada a bar tuli sai ido ya kama na gaba. In bai kama ba, mutum ɗaya ya tsaya a kan na ƙarshen, ɗayan ya zaga ya duba. Inda aka fi ɓata shi ne inda turbar ta bar dutse ta faɗa kurmi, domin doron yakan ci gaba a gaba kamar hanya, alhali ita ta karya gefe ta wata 'yar kafa tsakanin itatuwa. Mus ma suna da nasu turbobin, wasu sun fi na mutane fitowa sarai, kuma duk a fadama suke ƙarewa. Abin da ke rarrabe su shi ne aikin zarto: gungumen da ya faɗi a kan hanyar mutane za a ga an yanke shi sumul, na hanyar dabba kuwa tsallake shi ake yi. Wanda ya yi minti goma bai ga tuli ko yankakken gungume ba ya koma inda ya ga na ƙarshe. Yanke daji da nufin tarar hanya a gaba shi ne ke mai da ƙaramin kuskure babba. Kuma kada kowa ya ƙara tuli nasa don ado, domin zai ɓatar da na bayansa.

North Desor yana bakin tafkin Desor, shi ma da ratse, tanti kawai, kuma ba a hura wuta. A cika duk goruna tun da dare.

Yinin ƙarshe, zuwa zangon Washington Creek a Windigo, kilomita 20 ne ba zango a tsakani. Sammako ake yi. A Yuni da Yuli rana tana kai awa sha shida, magariba sai wajen ƙarfe goma na dare, amma a Satumba ta ragu sosai, don haka a tashi da hasken farko. Rabin farko ci gaban doron jiya ne. Rabi na biyu turbar ta sauka cikin fadamu, inda ake haɗuwa da aikin biba, wata dabbar ruwa mai kaifin haƙori da ke sare itatuwa tana datse rafi da su. A wasu wuraren madatsarta ce kaɗai gada. Ana tsallaka ta a hankali: a kwance ɗamarar jaka ta ƙugu domin a iya yar da ita in an faɗa, a dasa sanda kafin a ɗaga ƙafa, a taka manyan rassa da ke ƙusoshin madatsar, mutum ɗaya a lokaci guda. Jiƙa takalmi ba komai ba ne idan aka kwatanta da targaɗe. A nan ma akwai wata shuka mai faɗin ganye, timbulberi, da kan rufe turbar har ƙirji, ta ɓoye saiwoyi da duwatsu, raɓarta kuma ta jiƙa wando sharkaf da safe. Jajayen 'ya'yanta ana ci, suna nuna daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta. Akwai wasu 'ya'yan itace masu dafi a dajin, don haka abin da ba a tabbatar da shi ba a bar shi.

Dabbobi

Babu beyar a tsibirin. Babbar dabbar ita ce mus, daga dangin barewa, amma ta fi doki tsayi. Ta iso a farkon ƙarni na 20, kyarketai kuma suka tsallako ta kan ƙanƙara a ƙarshen shekarun 1940. Tun 1958 masana ke bin diddigin zaman waɗannan biyun, kuma babu wani bincike irinsa a duniya da ya kai shi daɗewa. A 1980 kyarketai sun kai 50, cikin shekara biyu suka koma 14, kuma ana danganta wannan da wata cutar karnuka da ta shigo ta hanyar karen gida. Irin wannan haɗarin ne dokar hana kare take tsarewa. Zuwa 2016 biyu kaɗai suka rage, sai hukuma ta kawo 19 tsakanin 2018 da 2019.

Mus ce ta fi bukatar a kiyaye ta, musamman uwa mai ɗa a Mayu da Yuni, da namiji a lokacin barbara, Satumba zuwa Oktoba. Idan ta tsaya a hanya, hanyar tata ce. A ja baya, a sa babban itace tsakani, a jira. In ta kwantar da kunnuwa gashin wuyanta ya miƙe, an matso da yawa. Kyarkeci da wuya a gan shi, sai dai sawunsa a laka. In ya matso zango a miƙe tsaye, a yi masa tsawa, kada a ruga da gudu, kada a ba shi komai. Ɓarayin yau da kullum su ne yanyawa da kurege. Kurege yana huda jaka cikin 'yan mintuna, yanyawa kuwa har takalmin da aka bari a ƙofar tanti takan ɗauke. A 'yan shekarun nan hukumar ta tsaurara dokar ajiye abinci da shara da duk abu mai ƙamshi a mazubin da dabba ba ta iya buɗewa, kuma ya kamata a duba sabon sharaɗin kafin a taso. Tafkunan cikin tsibirin suna da matsattsaku, mai wanka ya duba ƙafarsa idan ya fito.

In abu ya ɓaci

Babu layin waya da za a dogara da shi. A kan doro wani lokaci akan kama na Kanada, wani lokaci a'a. Na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan Adam ita ce abin riƙewa, amma ko da ita, kafin taimako ya iso tsakiyar Minong yana iya ɗaukar awoyi masu yawa ko kwana, musamman cikin hazo. Shi ya sa tafiyar mutum biyu ko uku ta fi ta mutum ɗaya, kuma wani a gida ya san ranar fitowa da wanda zai kira idan ta wuce.

Sanyi ya fi dabba kisa. Jiƙaƙƙen mutum mai gajiya a cikin iska yana iya sandarewa ko a watan Yuli. Alamun farko su ne karkarwa, tuntuɓe, da magana tana sarƙewa. A tsaya a kafa tanti, a tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, a sa shi a jakar barci, a ba shi abin sha mai zafi da sukari. Ruwan Supiriya kuwa ko a tsakiyar lokacin zafi yana kashe gaɓoɓi cikin mintuna, ba wurin iyo mai nisa ba ne. Idan aka ji tsawa ana kan doro, a sauka gefen kudu mai gangara a shiga kurmi mai itatuwa daidai wa daida, nesa da mafi tsayinsu, har hadarin ya wuce.

A Windigo akwai famfo, da ɗan kanti da wurin wanka da ke aiki a tsakiyar kakar baƙi, da ofishin gandun inda ake sanar da ma'aikata an fito, a kuma gaya musu halin da aka tarar da hanya domin amfanin na baya. Wanda bai taɓa yin kwana huɗu a daji da kayansa a baya ba, kada ya fara da Minong. Ya bi Greenstone tukuna, in ya gama ta ƙafarsa lafiya, ya kama kujerar McCargoe Cove ta baɗi.